Tsiron gero ya raba ni da tsararon kunu

'Yan uwa masu fama da garin kunun yara, yau dai na ga abin da nake nema. Tsiron gero ya yi aiki, wallahi har guɗa na kusa yi a kicin.

Haɗin garin kunu na gero awo 6, waken suya awo 3, gyaɗa awo 1 ya zauna mini tuni. Gafin waken ma na rabu da shi tunda na koma zuba shi a tafasasshen ruwa kafin in cire ɓawo in shanya. Inda na maƙale shi ne kauri. In na dama yadda ya kamata, auta ta kawar da kai ta tofar. In na tsinka da ruwa ta shanye kofi tas, amma me ta sha? Cikin 'yar wata 14 nawa yake da za a cika shi da ruwa? Ga shi a awon da ya wuce tef ɗin da ake auna damtsen yaro da shi don gane tamowa ya tsaya a rawaya, alamar matsakaiciyar tamowa, tsakanin santimita 11.5 da 12.5, kuma Laraba za mu koma wurin malamar abinci a asibiti.

Fitar da tsiron ne ya sha mini kai. Zafin Birnin Kebbi ba ya raga wa jiƙaƙƙen hatsi: in aka rufe da leda ko murfin roba, kafin gari ya waye ya yi yauƙi da tsami, sai dai kaji. Abin da ya yi mini shi ne in jiƙa dare ɗaya, in tsane sosai a kwando, in baza shi siriri a faifai, in lulluɓe da tsohon ɗankwali mai damshi a kusa da randa. Safe da yamma ana ɗauraye shi, yayyafi kawai bai isa ba. Kwana biyu ya fito da fararen jijiyoyi. Daga nan rana har ya bushe ƙayau, a murje jijiyoyin a sheƙe, a daka a tankaɗe. Kar a soya, wuta tana kashe sinadarin da ake nema, wanda ke tsinka kunun. Masu tambaya ko za a iya yi da dawa, ni na ƙyale ta, don tsironta yana da guba a jijiya da toho, sai an cire su tsaf.

Sai na dama kunu mai kauri kamar za a tuƙa tuwo, na sauke ya ɗan sarara, na barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiron na juya. Cikin 'yan mintuna ya sake da kansa, ba ɗigon ruwa da na ƙara. Na mayar wuta ya tafasa sau ɗaya, tunda garin ɗanye ne. Ta sha, har tana miƙo kofi.

Sauran tsarin mako kuwa ya cakuɗe da girkin gida, ba ni da ƙarfin tukunya biyu. Malama takan tambayi abin da yarinya ta ci jiya daga safe har dare, tana neman rukunin abinci 5 cikin 8, nono ma yana ciki. Don haka tuwon shinkafa da miyar kuka na nan yadda suke, sai dai na daka busasshen kifin Yauri ina zubawa. Miyar taushe saboda kabewa, faten wake da zogale, hanta in an samu. Nakan ɗebi nata kafin in sa yaji, maigida ya ƙara nasa a kwano yana mita.

Ƙwai ne ya ƙona ni da tsada, dole na mayar da shi sau biyu a mako. Wadda ta taɓa ajiye garin tsiro ya wuce wata guda, ta gaya mini ko yana riƙe ƙarfinsa, don in san yawan da zan jiƙa gobe.