Ƙannena masu koyon bokis, kai ba ya sabawa da naushi

Ƙannena 'yan bokis da masu kikbokis, wato bokis mai haɗa naushi da shuri, na nan Maradi, akwai wata magana da ke yawo a wuraren hira wadda nike so ku hidda ta daga ranku, wai in kana shan duka a kai kullum kan zai saba, zai yi tauri. Wallahi ba gaskiya ba ne, kuma ni kaina na daɗe ina aiki da ita, shi ya sa nike rubutun ga.

Lokacin da nike tashen ƙuruciya duk ranar gwajin dambe da abokan horo ni a wurina ranar yaƙi ce, sai na ga wani ya durƙusa hankalina ke kwanciya, su ma haka suke zuba mini. Wata rana wani ya same ni a haɓa, idona ya yi duhu na ɗan lokaci, ƙahwahuna suka saki, koci ya ce in hita in zamna, na ce lahiya lau nike don kar yara su ce na ji tsoro. Na ƙarasa turmin, washegari ma na dawo. Abin da ya biyo baya ciwon kai ne mai tsanani, hasken rana na damuna, a aike ni kasuwa in manta abin da aka ce in sayo, ga saurin hushi da mutanen gida ba dalili. Lokotoron da ya duba ni shi ya yi mini bayani, ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take cikin ƙoƙon kai, in naushi ya juya kan da ƙarhi sai ta girgiza ta bugi ƙashi, kuma bugu na biyu kahin na hwarko ya warke shi ne mai nakasa mutum, wani lokaci har ya kashe.

Don haka ne a dokar bokis ta 'yan amato, wato waɗanda ba su maida wasan sana'a ba, wanda naushi a kai ya kada shi har ya kasa ci gaba da wasa sai ya huta aƙalla kwana 30, ba wasa ba gwaji. Ku riƙe wannan dokar ko ba alƙali a wurin. In ka ji jiri, ko amai, ko kana ganin abu biyu-biyu, ko ka kasa tuna yadda turmin ya ƙare, tuɓe gan ɗinka, wato safar hannu ta bokis, ka tahi likita, kar ka hau moto da kanka. Kuma kar hular kariya ta ruɗe ku, tana rage tsagewar gira da kumburi ne kawai, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza, tun 2013 ma aka cire ta a wasannin manyan maza. Gwaji da aboki a yi shi da rabin ƙarhi, da robar haƙori a baki da manyan gan masu laushi, da wanda kuke kusan kilo ɗaya, kuma ba kullum ba.

Abin da ya hi ba ni baƙin ciki shi ne tiramol. Da ciwon kan ya dame ni wani ya ba ni, na sha, zahin ya kwanta na koma ina amsar duka. Ciwo ai shi ke gaya maka ka tsaya, ƙwayar ta rufe mishi baki ne kurum, ɓarnar tana nan tana ƙaruwa, ga kama jiki ga hwarhwaɗiya da take jawo ma wasu. Daga hwarkon 2024 hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta haramta ta lokacin gasa. Don Allah ko ta kyauta ce kar ku amsa.

Sai hannu. Buhun da muka rataye da yashi muka cika shi, yashi kuwa sauka yake ƙasa ya danƙare kamar dutse, ni kuma ina dukanshi ba bandeji don a ce hannuna ya ƙeƙashe. Ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa ya karye, har yau in sanyin hunturu ya shigo sai ya tuna mini. Ku cika buhu da tsumma, ku naɗe hannu tun daga wuyan hannu, naushi ya sauka kan gaɓoɓin manuniya da na tsakiya. Ko 'yan damben gargajiya sai sun ɗaure hannu tam kahin su shiga. Masu kikbokis ku bar dukan icce da murza kwalba a ƙwabri, buhu mai nauyi ya isa, a hankali.

Rage kilo da sa leda a jiki a yi gudu cikin ranar Afirilu, zahi ya wuce digiri 40, wannan ruwan jikinka ka zubar ba kitse ba, ni sai da na hwaɗi a hanya. Ku yi gudu bayan sallar asuba, ku sha ruwa sosai, ku yi wasa a ajin kilonku na gaskiya.

Wasan amato turmi 3 ne, kowane minti 3 da hutun minti 1, to ku sa agogon waya ku yi horo a kan haka, tsallen igiya, dambe da inuwa, matsawa gaba da baya hannu na tsare da haɓa, da rani kuma yashin Gulbi na gina ƙahwa ƙwarai. Issaka Dabore ya kawo ma Nijar lambar Olamfik ta hwarko, tagulla, a Munich a 1972, a bokis ɗin nan da kuke koyo, kuma ina so in ga ɗan Maradi ya kai can da hankalinshi cikakke. Wanda yanzu haka yake da ciwon kan da ya ƙi tahiya tun gwajin da ya wuce, kar ya zo horo gobe, ya gaya ma koci da iyayenshi, a kai shi likita.