Kawun da ya sauka a zaurenmu

Jiya ina kakkaɓe tsohuwar adakar Baba na ci karo da wata takarda mai tambarin HCR, hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, har ta yi ja don tsufa. Ta wani malamin lakwal ce ɗan Cadi, wanda ya sauka zaurenmu a unguwar Birni ta Damagaram zamanin da Hissène Habré ke mulkin Cadi. Mu yara Kawu muke ce masa. Buta, tabarma da ƴar rediyo, su ke nan kayansa. In motar soja ta wuce, sai ya ajiye kofin shayi ya yi tsit.

A bakinsa na fara jin sunan Cile. Ya ce da Janar Pinochet ya kifar da shugaban ƙasar, Allende, a 1973, jakadan Suwidin, Harald Edelstam, ya yi ta ɓoye mutane yana fitar da su har sojoji suka kore shi. Ma'aikatan kamfanin Rolls-Royce a Sikotland kuwa suka ƙi taɓa injinan jiragen yaƙin Cile, suka bar su shekara huɗu a waje ruwa na duka. Nan yake yin dariya, ba kasafai ba.

Mu a Damagaram ba ƙungiya, ba kwamiti. Inna ce ke ƙara kwanon tuwo ɗaya, maƙwabta na turo yara ya koya musu Faransanci.

Habré ya faɗi a 1990, Kawu ya koma gida. Ranar da kotun Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai a 2016, Inna ta kashe rediyo ta ce, "Allah sarki, Kawunku."