TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 7: Shekarar da mai gyaran gashi ta zama sanata

Assalamu alaikum ƴan uwa, mun tsaya satin da ya wuce a inda na fara kitso a zauren gidanmu bayan rasuwar maigidana, to yau 1983 za mu shiga.

Shekara ce mai nauyi wallahi, a watan Afrilu Malam Aminu Kano ya rasu, mu ƴan jam'iyyarsa ta PRP gwiwarmu duk ta yi sanyi, ga zaɓe ya taho ga tsadar kaya, ko ina ka juya ƴan NPN ne, jam'iyyar Shugaba Shagari mai mulki, da tutarsu mai gida da masara suna ta ihun aminci. Ni dai na je na dangwala wa mabuɗi, alamar PRP, na dawo na ci gaba da tsifa.

Ina cikin yi wa wata matar ma'aikaci shuku, kanta a cinyata, sai ta ce Yaya kin ji ƴar sana'arku ta ci sanata? Na ce ke dai bari zolaya. Ashe gaskiya ne. Sunanta Franca Afegbua, ƴar Okpella, shagon gyaran gashi gare ta a Legas, ta tsaya a NPN a mazaɓar Bendel ta Arewa, cikin tsohuwar jihar Bendel, inda jam'iyyar UPN ke da gwamna Ambrose Alli, kowa na cewa ɓata kuɗinta kawai take, ta bi mata lungu lungu har ta kayar da John Umolu na UPN. Kafin ita an yi Sanata Wuraola Esan a 1960 amma naɗa ta aka yi, ita kuwa Franca ƙuri'a ce ta kai ta, mace ta farko kenan.

Ba jam'iyyata ba ce amma ranar har kuɗin kitson na yafe. Ku tuna fa mu matan Arewa sai 1979 muka fara zaɓen shugaban ƙasa, bayan duk ɗauri da dukan da Hajiya Gambo Sawaba ta sha a kai.

Abin haushin, a Oktoba ta shiga majalisa, ran 31 ga Disamba muka ji muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo, sojoji sun kifar da Shagari, majalisar ma duk an watse. Wata uku kacal! Ko ɗumama kujerar ba ta gama yi ba.

Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda matan unguwa suka taso ni gaba wai sai na tsaya kansila, da abin da Baffa ya ce da ya ji.