Riguna Huɗu Na Sa Masa, Shi Ya Sa Ban Ga Ƙirjinsa Ba

Tun kafin malamar asibitin ta tambayi sunansa ta fara tuɓe shi. Ta cire hular ulu, ta cire suwaita, ta cire rigar da ke ƙarƙashi, da wata rigar, da singileti, sannan ta kwantar da shi a cinyata ta ce, "Maman yaro, dubi nan." Na duba. Duk jan numfashin da zai yi sai ƙasan haƙarƙarinsa ya loɓa ciki, ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa. Ta ce, "Tun yaushe yake haka?" Na kasa ba ta amsa, domin ban sani ba. Kwana huɗu ina jinyar autana, ɗan shekara ɗaya da wata biyu, ban buɗe ƙirjinsa na kalla ba ko sau ɗaya.

Yau an kusa shekara da ciwon huhun nan, nimoniya, da ya kwantar da shi, yaro yana ta gudunsa a tsakar gida, alhamdu lillahi. Amma tambayar nan ta Sista har yanzu tana tashina cikin dare.

A watan Janairu ne, hunturu ya kankama a Kano, hazo ya rufe gari har rana ba ta fitowa sosai. Yayyensa suka kwaso mura daga makaranta, ta zaga gidan kaf, shi ne na ƙarshe. Majina, ɗan tari, babu abin tayar da hankali. Har ta fara lafawa, sai ga zazzaɓi mai zafi da yamma. Na aika kemis ɗin layinmu, aka haɗo mana maganin maleriya da farasitamol da maganin tari na kwalba. Ba a yi gwajin jini ba, ni ma ban nema ba. A wajenmu ai zazzaɓi sunansa maleriya, sai in an ga akasin haka.

Hajiya, surukata, ta zo duba shi ta ce sanyi ne ya shige shi, a daina yi masa wanka, a lulluɓe shi da kyau. Ba na ɗora mata laifi, abin da ta ce shi ne abin da ke raina. Na tara masa riguna. In zan shafa masa man zafi, hannu nake zurawa ta ƙarƙashin tufafin. In zan canza masa kunzugu, daga ƙugu zuwa ƙasa nake buɗewa, cikin sauri, kada iska ta taɓa shi. Da dare a shigo da kaskon garwashi ɗaki, a rufe taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Duk wannan ina yi ne da zuciya ɗaya, ina ganin kulawa ce nake ba shi.

Abin da ya fi yaudarata shi ne farasitamol. In na ba shi, bayan awa ɗaya jiki ya yi sanyi, ya ɗan zauna, har ya miƙa hannu ya karɓi abin wasa. Sai in ce wa Abbansu sauƙi ya samu, maganin maleriya ya fara aiki. Zuwa dare zafin ya dawo. Haka muka yi ta yi kwana uku. Na lura numfashinsa yana fita da sauri-sauri, wallahi na lura, amma na ce zafin jiki ne da toshewar hanci.

A dare na huɗu ya ƙi nono. Zai kama, ya ja sau biyu, ya saki yana haki. Sai wani ɗan nishi da yake yi a ƙarshen kowane numfashi, kamar wanda ya ɗauki kaya mai nauyi. Kuka ma ya daina. Duk da haka muka ce a bari a yi sallar asuba. Da gari ya fara wayewa na ga leɓensa ya sauya launi, Abbansu ya fita a guje ya tsayar da a-daidaita-sahu.

Bayan Sista ta tuɓe shi, ta kalli agogo ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur: 64. Ta ce yaro mai shekarunsa bai kamata ya kai 40 ba. Ta maƙala masa wata 'yar na'ura a babban yatsan ƙafa, lamba ta fito 84. Ta ce duk abin da ya gaza 90 yana nufin iskar oksijin ta yi ƙaranci a jininsa. Nan take aka sa masa robar oksijin a hanci, aka nemi jijiya, aka fara allura, aka ba mu gado. Gwajin maleriya kuwa ya nuna babu. Kwana uku ina ɗura masa maganin ciwon da ba shi da shi.

Washegari likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya nuna mini a hasken taga. Ɓangaren hagu baƙi, ya ce haka lafiyayyen huhu yake fitowa domin iska ce a ciki. Ƙasan ɓangaren dama kuwa fari fat. Ya ce wannan ita ce nimoniya, wadda wasu ke kira limoniya, mu kuma muke ce wa sanyin haƙarƙari. Na ce, "Likita, ta ina sanyin ya shige shi? Wallahi ban bar iska ta taɓa shi ba."

Ya ja kujera ya zauna, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce ba sanyi ne ke shiga huhu ba, ƙwayar cuta ce. Huhu kamar soso yake, cike da ƙananan jakunkunan iska, miliyoyinsu, kowace kewaye da siraran hanyoyin jini. A nan oksijin yake ratsawa ya shiga jini. Akwai wata bakteriya, Streptococcus pneumoniae, wadda ita ce kan gaba wajen kawo wannan ciwo ga yara, kuma yara da yawa suna ɗauke da ita a bayan hanci da maƙogwaro ba tare da ta yi musu komai ba. Mura, wadda ita ƙwayarta daban ce, ba bakteriya ba, sai ta raunana hanyar numfashi, ta kassara ƙananan gashin da ke share datti da majina suna turowa sama. Sai bakteriyar ta samu hanya ta gangara. In ta isa jakunkunan nan, jiki ya turo mata sojojinsa na jini, wurin ya kumbura, ruwa da mugunya su cika inda iska ya kamata ta zauna. Jini ya zo ɗaukar oksijin ya koma hannu rabbana. Shi ya sa yaro ke numfashi da sauri, yana neman cike giɓi, kuma da yake huhun ya yi tauri, sai ya ja da ƙarfi har ƙirji ya loɓa.

Na ce to me ya sa ya fi yawa da hunturu? Ya ce lokacin mura ce, ga ƙura, ga mutane sun cunkushe a ɗaki ɗaya an rufe ko'ina. Sai ya tambaye ni ko muna shigar da wuta ɗaki. Na sunkuyar da kai. Ya ce hayaƙin itace da na gawayi yana cikin manyan abubuwan da ke raunana huhun yara, ban da haɗarin da ke cikin kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, wanda kan kashe har manya. Ashe abin da na ɗauka kariya ce, shi ma yana cikin masu cutar da shi.

Na zaci da an fara allura shi ke nan. Kwana uku a kan gado, zazzaɓi ya ƙi sauka, kuma ba ya yarda a kwantar da shi ta wani ɓangare sai dama. Aka sake hoto. Likita ya ce ciwon ya kai ga fatar da ke lulluɓe da huhu, ruwa ya taru tsakanin huhun da bangon ƙirji, ya zama mugunya, yana danne huhun ya hana shi buɗewa. Allura kaɗai ba za ta iya ba, sai an huda an sa roba ta tsiyaye. Abbansu ne ya sa hannu a takarda, ni hannuna rawa yake yi. Aka huda tsakanin haƙarƙarinsa, ƙasa da hamata, aka haɗa robar da wata kwalba a ƙarƙashin gado. Abin da na ga ya fito daga ƙirjin ɗan yaron nan ba zan kwatanta shi a nan ba.

A daren na daure na yi tambayar da ke cina. Na ce, "Likita, da na kawo shi tun ranar da na ga yana haki fa?" Bai so ya amsa ba, na matsa. Ya ce Allah ne masani, wani lokaci ciwon kan yi tsanani ko an zo da wuri. Amma yawancin yaran da aka kawo a matakin saurin numfashi kaɗai, amoksisilin ake ba su na kwana biyar su koma gida. Kwana biyar, maganin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Mu kuwa kwana goma sha uku muka yi, kuɗin adashina da na Abbansu duka suka tafi, ban da abin da 'yan'uwa suka taimaka da shi. Kuɗin ba su dame ni ba kamar tunanin cewa alamar tana nan a jikinsa tun farko, tufafin da na sa masa da hannuna ne suka rufe ta.

Ɗakin yaran a cike yake. Na'urar oksijin ɗin da wutar lantarki take aiki, ranar da aka ɗauke wuta tsakar dare kafin a tayar da janareta, na ga ma'aikata suna gudu da tukunyar oksijin daga gado zuwa gado, kowace uwa ta miƙe tsaye tana salati. Yarinyar gadon da ke kusa da mu daga ƙauye aka kawo ta, ƙyanda ta yi sannan nimoniya ta biyo baya. Ba ta kwana biyu ba Allah ya karɓi abarsa. Allah ya ba iyayenta haƙuri. Daga baya na karanta alƙaluman UNICEF cewa a shekarar 2018 yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 wannan ciwo ya kashe a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2019 ya kashe yara sama da 740,000 a faɗin duniya. Da can lamba ce kawai zan gani in wuce. Yanzu fuskar uwar yarinyar nan nake gani tana naɗe tabarmarta.

Akwai kuma maganar katin riga-kafi. Da aka ce in kawo shi, sai ga gurbi ɗaya babu komai. Allurar PCV, wadda aka fara bayarwa a Najeriya a ƙarshen 2014 domin kariya daga bakteriyar nan da likita ya ambata, sau uku ake yi: sati 6, sati 10, sati 14, tare da Penta, wadda ita ma a cikinta akwai kariya daga wata bakteriyar mai kawo nimoniya da ake kira Hib. Biyu aka yi masa. Lokacin ta uku mun yi tafiyar rasuwa, da muka dawo na ce gobe, na ce jibi, har na manta. Likita bai ce da an yi ba zai kamu ba, ya ce allurar ba ta rufe kowane nau'i na ƙwayar ba, amma tana rage haɗarin sosai. Kyauta ake yin ta, asibitin sha-ka-tafi yana bayan layinmu.

Da aka sallame mu an ba mu maganin sha na makonni, aka ja mini kunne kada in tsayar don na ga ya warware. Na ba shi har cokalin ƙarshe. Tarin ya ɗauki lokaci kafin ya rabu da shi, jikinsa ma ya daɗe bai mayar ba. Hoton ƙarshe da aka yi ya nuna huhun ya buɗe. Tabon hudar yana nan.

Yanzu in yaro ya yi tari da zazzaɓi a gidana, ko ana zuba sanyi kamar me, sai na ɗaga rigarsa. Minti ɗaya ba zai sa masa ciwo ba. Ina jira ya natsu, ba lokacin kuka ba, in sa agogon waya, in ƙirga tashin cikinsa minti ɗaya cikakke. Sista ta rubuta mini a bayan katin: jariri ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye, daga wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya, 50, daga shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar, 40. In ya kai haka, asibiti a ranar, ba kemis ba. In kuwa ƙirji yana loɓawa, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ko leɓe ya sauya, ba a jiran asuba. Mu mun jira, kuma awannin nan ma suna cikin abin da nake lissafawa. Zazzaɓi kuma sai an gwada jini nake yarda maleriya ce. Kaskon garwashi ya koma kicin, bargo na ƙara saya.

Watan jiya maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Yaya, ko kina da sauran maganin tari? 'Yar nan ce mura ta saka a gaba." Yarinyar wata takwas, an naɗe ta cikin tawul da suwaita biyu. Na ce kawo ta. Na zare kayan, uwar tana cewa za ta sha iska. Ƙirjin bai loɓa ba, amma na ƙirga 56, na sake ƙirgawa 55. Na ce ɗauko mayafinki. Muka je tare, aka duba ta, aka ce nimoniya ce tana farawa, aka ba ta amoksisilin irin wanda ake narkarwa a ɗan ruwa. Kafin la'asar mun dawo gida. Ranar Juma'a ina shanya na jiyo yarinyar ta katanga tana tsala kuka da dukkan ƙarfinta, uwar na yi mata wanka.