Diklofenak da asma: tambayar da yaron kemis bai yi mini ba

Dasashina ne ya kumbura, ya yi jazur, zogi har cikin kunne. Na shiga kemis, yaron ya miƙo mini diklofenak yana cewa, "Hajiya, kafin ki kai gida ya sake ki." Bai tambaye ni ko ina da asma ba, alhali tun ina yarinya nake fama da ita.

Haƙorin ya lafa, ba zan ci hakkinsa ba. Amma ba a yi awa guda ba hancina ya toshe, ƙirji ya ɗaure yana fito. Yayata ta ɗauka irin borin jini ne, ta ba ni Piriton, ko gezau. Sai da aka kai ni asibiti aka ɗora mini salbutamol, maganin buɗe hanyoyin numfashi, ta abin shaƙa kafin na iya haɗa magana.

Likitan ne ya juya katina ya zana mini abin da ya faru. Kumburi aikin sinadarai ne da yawa. Histamin na ajiye a cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, yana fitowa cikin mintuna, ya buɗe jijiyoyin jini, ruwa ya tsattsafo, wuri ya yi ja ya tashi. Shi kaɗai Piriton ke tarewa. Biradikinin na sa zogi. Wasu kuwa a take ake ƙera su daga wani maiƙo da ke bangon ƙwayoyin halitta, arakidonik asid, kuma hanya biyu gare shi. Ta COX, wani enzayim, wato sinadarin da ke sarrafa maiƙon, ana samun furostagilandin, mai ƙara zafin ciwo da kawo zazzaɓi. Ta ɗayan enzayim ɗin, lifoksijines, ana samun liyukotirin, wanda ke matse hanyoyin numfashi fiye da histamin nesa ba kusa ba.

Asfirin, ibufurofen da diklofenak hanyar COX suke toshewa. John Vane, masanin magunguna ɗan Birtaniya, shi ne ya gano hakan game da asfirin a 1971, har ya samu kyautar Nobel a 1982. To idan ka datse ruwa a wannan kwata, ai ɗayar zai bi. A jikin wasu masu asma liyukotirin sai ya yi yawa, ga shi an rage wani nau'in furostagilandin da ke taka masa birki. Ba kowane mai asma ba ne, an fi ganinsa ga masu tsiro a cikin hanci da yawan toshewarsa, irina.

Tambaya ɗaya tak! Ita ce ke ci mini rai har yau. Yanzu kafin mai magani ya buɗe baki na riga shi: ina da asma, asfirin da danginsa ba sa yi mini. Farasitamol nake sha, da izinin likita, ya kuma ɗora ni a kan montelukas, mai hana liyukotirin kama wurin da yake aiki. Maganin mura ko na ciwon jiki mai haɗe-haɗe kuwa, sai na karanta bayan kwalin tsaf, don a cikin wasunsu ake ɓoye ibufurofen.