Kwanon da na ware wa Baba

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, hidimar Sallah ta gidanmu da ke unguwar Birni a Damagaram ta dawo wuyana. A lokacin abu biyu kawai na sani game da karɓar baƙi: rago ya yi ƙiba, alkaki ya cika faranti. Ku ƙannena da kuka fara riƙe gida, bari in ba ku labarin inda na yi tuntuɓe, ko kwa rage wa kanku kunya.

Mahaifinmu yana da wani amini a Kara-Kara, unguwar da duk ɗan Damagaram ya san tarihinta da mutanen da kuturta ta taɓa. Baba muke ce masa. Yatsunsa sun gutsure tun kafin a haife ni. Duk washegarin Layya, ranar da ake rabon naman da ya kwana a gashe, yakan zo su zauna da mahaifinmu a akushi ɗaya. Da ragamar ta zo hannuna, sai na sa aka shimfiɗa masa tabarma sabuwa a zaure, aka zuba masa nasa kwano daban, na ma ƙara masa tsoka fiye da ta kowa. Mu kuwa muka shige ciki muka haɗa hannu. Ya ɗan taɓa abincin, ya yi mana addu'a, ya tafi. Sallar da ta biyo baya bai zo ba, sai ya aiko yaro da gaisuwa.

Na daɗe ina ce wa kaina girmamawa na yi. Ƙarya ce. Ƙyama ce na sa mata babbar riga. Sai daga baya wani ɗan yayata da ke aikin jinya ya fahimtar da ni cewa wanda ya gama shan maganin kuturta, na wata 6 ko na wata 12, wanda kyauta ake ba da shi, ba ya sa wa kowa cutar. Gutsurewar yatsu tabo ne na abin da ya wuce. Sannan na tuna yadda mahaifinmu yake yayyaga nama ƙanana yana turawa gaban Baba, suna ta hirarsu kamar ba ya yin komai. Shekara da shekaru ina kallon wannan ban karanta shi ba. Abin da mutumin yake buƙata ke nan, ni kuwa na ba shi ƙatuwar tsokar da ba zai iya yaga ba, na bar shi shi kaɗai da ita.

Abin takaici, aya ta 61 a Suratun Nur mun haddace ta tun a makarantar allo. Ta ɗauke laifi daga makaho da gurgu da marar lafiya, kuma maganar cin abinci a gidajen dangi da na aminai take yi.

Kawuna makaho ne, shi ma ya sha nasa a hannuna. In ya iso sai in tambayi ɗan jagoransa, "Me zai sha?" alhali ga mai bakin a tsaye. Wata rana na kama sandarsa ina ja don in tsallakar da shi dokin ƙofa. Ya tsaya cak ya ce, "Ɗana, akuya ake ja. Ba ni kafaɗarka." Tun ranar, in ya zauna nakan faɗa masa waɗanda ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya, in ce ga miya ta damarsa, ga ruwa ta hagunsa, in kuma zan fita in ce na fita, don kada ya ci gaba da yi wa bango hira. Ku hana yara zubar da takalma a bakin ƙofa, kada kuma a matsar masa da sanda ba da saninsa ba.

Ta Gwaggo ta fi ba ni tsoro. Tana da ciwon suga, na kuma sani, amma ban taɓa haɗa wannan da farantin Sallah ba. Ƙaramar Sallar 2023 ta faɗo a watan Afrilu, zafin nan namu da ke wuce digiri 40. Ta sha maganinta da safe, mu kuwa muka tafi kallon hawa a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, abinci bai fito ba sai bayan azahar. Muka dawo muka tarar tana rawar jiki, gumi na zuba, sugan ya faɗi. Lemun kwalba ne ya cece mu a ranar, shi da nake tura mata a sauran shekaru lokacin da bai kamata ba, tana sha don kunya. Mutanenmu ba sa iya cewa a'a a gidan ɗa. Yanzu nata abincin yana fita a kan lokaci ko da sauran tukwane ba su nuna ba, ana ɗibar mata zoɓo kafin a sa suga, kuma na daina wannan "ƙara mana, Gwaggo" da muke ɗauka karamci ne.

Akwai wanda ba ya faɗuwa a baki: ban ɗaki. Tsoho mai ciwon gwiwa ba zai ce maka tsuguno yana ba shi wuya ba. Sai dai ka ga ya ƙi shan ruwa, da la'asar ya ce zai koma gida. Kafinta ya huda mini kujerar katako, aka kafa ƙarfen dafawa a bango, kuɗin bai kai na cinyar rago ba. Dokin ƙofar zaure kuma magini ya yi masa gangare da siminti, keken guragu na wata 'yar ƙanwata yana shiga ba sai samari huɗu sun ɗaga ta kamar buhun gero ba. Ruwa ma, kun san halin garin nan: ku yi magana da mai garuwa tun jajibere.

Kada ku ɗauka za ku iya hango duk wannan da wayonku. Ni ban iya ba. Kwana biyu ko uku kafin Sallah, ku je da ƙafarku, ku tambayi mutum shi da kansa, a keɓe: me zai sauƙaƙa masa zuwa, me ba ya ci, ina ya fi son zama. Wata ƙanwar matata kurma, abin da ta roƙa kawai a zaunar da ita inda haske yake faɗa wa fuskokin mutane, a kuma kunna fitila in an ɗauke kuran.

Shekara huɗu ta ɗauke ni kafin na hau kabu-kabu na tafi Kara-Kara. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi kuskure." Ya yi kamar bai gane zancen ba, ya tambayi lafiyar yara. Amma washegarin Layya sai ga shi. Na jawo akushin mahaifinmu, na zauna ina yayyaga naman ina turawa gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu, ya ce nawa sun yi girma, mahaifina ya fi ni haƙuri.