Gane tsofaffin kayan aikin maƙeran fari da na masu gyaran agogo

A Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara ba a rasa gidan da aka bar gadon wani akwati na katako ko gwangwanin biskit cike da ƙananan ƙarafa, magada ba su san sunansu ba balle aikinsu. Ƙarshenta ɗan jari bola ya aza su a sikeli, ya biya kuɗin kilo. Abin takaici ne, domin a cikin irin wannan tarkace akwai kayan da ba a ƙera kamarsu yanzu sai da tsada mai yawa. Tun da jirgin ƙasa ya isa Ƙaura Namoda a 1929 kayan Ingila da Jamus da Suwizalan ke shigowa yankin, kuma sana'ar gyaran agogo ba ta ja baya ba sai da agogon batir ya cika kasuwa.

Kafin komai, kada a taɓa su da samfefa ko dutsen washi. Amfanin waɗannan kaya a fuskarsu yake, kuma shaidar da za ta nuna aikinsu a nan take. A jiƙa su cikin kananzir kwana ɗaya, a goge da burushin tagulla mai laushi, a tsane da tsumma. Masu mariƙin katako a jiƙa ƙarfen kawai. Sannan a baza su a tabarma a raba gida biyu: duk abin da ke da tabon wuta ko sawun guduma mafi yawa na maƙerin fari ne, abin da kuwa ya yi ƙanƙanta har sai an kanne ido, sumul, sau da yawa da lamba a jikinsa, na mai agogo ne.

Wanda aka fi rikitawa shi ne farantin ƙarfe mai jerin huji. Iri uku ne, kamarsu ɗaya daga nesa. Na jan waya hujinsa kamar mazurari yake, baki ɗaya faɗi, ɗaya matsattse, kuma girman hujin yana raguwa kaɗan-kaɗan daga wannan zuwa na gaba. Na yanka tiredin sukuru yakan zo da mariƙi, cikin hujinsa akwai haƙora. Na uku ma'auni ne kawai na kaurin waya ko bakin abin huji, hujinsa miƙe sak daga gaba har baya. Gwajin ba wuya: a sa tsinken tsintsiya a murɗa a fitar. In ya fito da zane zagaye da shi, na sukuru ne. In ya shige ta gefe ɗaya ya cije ta ɗayan, na jan waya ne. Wanda ya ja azurfa ta cikin farantin sukuru ya lalata wayar ya kuma cinye haƙoran.

Farantin jan waya a ɗaga shi sama a leƙa kowane huji cikin haske. Tsatsa a fuska ba komai ba ce, amma in ta ci cikin huji, duk wayar da ta bi ta nan za ta fito da ƙarci tun daga farko har ƙarshe, kuma gogewa ba ta fitar da shi. Huji ɗaya ko biyu da suka lalace a tsakiya matsala ne babba, saboda tsallake huji ne ke tsinka waya. Mai gwada shi ya feƙe bakin wayar, ya shafa mata kakin zuma, ya shigar ta gefen faɗi, kuma bayan huji uku ko huɗu ya mayar da ita wuta ta yi ja kaɗan don ta yi laushi.

Dunƙulen ƙarfe ko tagulla mai kusurwa huɗu da ramuka kamar na dara, shi ne na lanƙwasa faifan azurfa ya zama rabin ƙwallo, irin na 'yan kunne da duwatsun wuya. Abokan aikinsa sanduna ne masu dunƙulallen kai, a neme su cikin tarkacen. Doguwar sanda mai tsini kuma ta zobe ce. In ƙarfe ce mai nauyi, a kanta ake bugu. In ta goran ruwa ce ko katako mai lambobi, awo kawai ake da ita, guduma ɗaya ta gama da ita. Mai haruffa daga A zuwa Z awon Ingila ne, mai lambobi 1 zuwa 13 na Amurka.

Hantsakin jan ƙarfe kada a raina shi a ce mai araha ne. Da gangan aka yi shi haka, don tsamo azurfa daga ruwan tsamin da ake wanke ta bayan wuta. Baƙin ƙarfe in ya shiga ruwan nan, sai azurfar ta fito da jan fenti a jikinta.

Duwatsun ma'auni su ma a karanta su da kyau. Miskali wajen giram 4.25 ne, tola 11.66, ozar zinariya 31.1, alhali ozar kayan kanti 28.35 ce. Haɗa su a ma'auni ɗaya cuta ce ko da ba a yi niyya ba. In an tsinci tsabar azurfa mai hoton mace da shekarar 1780, wannan dalar Mariya Tariza ce, giram 28, kashi 833 cikin 1000 azurfa, maƙeran ƙasar Hausa sun daɗe suna narka ta. Shekarar ba ta nuna tsufanta ba, duk wadda aka buga daga baya ma 1780 aka sa mata. Baƙin dutse sumul mai zane-zanen rawaya kuwa na gwada zinariya ne.

A ɓangaren mai agogo, mafi daraja shi ne akwatin katako mai ƙananan sanduna a tsaye kamar ashana, hamsin zuwa sama da ɗari, tare da wani ƙarfe mai kama da kan keken ɗinki da faifai mai huji yana juyawa a ƙasansa. Da shi ake cire sandar ƙafar agogo a dasa sabuwa, a matse hujin da ya buɗe. Ana ganin sunan kamfani kamar Boley ko Bergeon ko K&D a jikinsa. Kaurin sandunan yawanci milimita 4.7 ne. A nemi mai tsini kamar allura, ita ce ke saita faifan ya yi daidai da bakin sanda. In ta karye ko ta karkace, duk abin da aka buga zai fita a karkace. A duba masu huji a baki, galibi akwai karyayyen ƙarfe maƙale a ciki. Kuma kada a raba su ana sayarwa ɗai-ɗai, sai suna haɗe a akwatinsu suke da daraja.

Ƙaramin injin feƙe ƙarfe da ake juyawa da igiya yana zuwa da 'yan bututu masu tsagaggen baki, na milimita 6 ko 8, ba sa shiga na juna. Lambar da ke kansu kashi goma ne na milimita: mai 10 yana kama milimita ɗaya, mai 25 biyu da rabi. A kama bakin injin a girgiza, in yana kaɗawa gefe da gefe ko bayan an ɗaure shi, aikinsa ya ragu.

Akwai sirara masu kama da basilla ba kafa. A murza tsakanin yatsu: mai kusurwa biyar tana faɗaɗa huji, mai santsi tana goge cikinsa. Hantsakin agogo, irin na Dumont mai lamba 2 ko 3 ko 5, a matse shi a kalli haske, bakinsa ya haɗu ba rata. A kuma kusanta shi da ƙaramin sukuru. In ya ɗauke shi, ya kama maganaɗisu, kuma zai shafa wa siririn sifirin da ke cikin agogo mai kama da gashi, ya manne da juna, agogo ya riƙa gudu.

Abu biyu na buƙatar hattara. Tsofaffin fuskokin agogo da hannuwansu masu haske da dare, na kafin shekarun 1960, fentinsu na ɗauke da radiyam, kada a kankare ko a hura ƙurarsu, a ƙulle su cikin leda. Sai dalma: maƙera kan ajiye dunƙulenta su buga ado a kai, tana kuma maƙalewa a tsohon kaskon narki. 'Yar kaɗan ta isa ta sa zinariya ta riƙa tsagewa a ƙarƙashin guduma, shi ya sa kaskon da ba a san abin da aka narka a ciki ba, ba a sake sa masa zinariya. Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, don haka ba a goge waɗannan a tsakar gida ko kusa da madafa, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa.

Bayan wanki, a shafa wa ƙarafan man keken ɗinki sama-sama, a rufe akwati saboda ƙurar hunturu da raɓar damina. Bakin hantsaki da na sukudireba kaɗai ake bari a bushe, don mai in ya taɓa sifirin, shi ma manne shi yake yi.